Buhunan da Mama Ta Ɗaure

Shafi na 19

Na ga saƙonninku duka. Masu zagin Direba tun shafin da ya wuce, ku ɗan ajiye sandunanku tukuna. Masu cewa Auta ta cika sanyin hali, na isar mata, ta ce ku zo ku zauna tsakanin miji da yaya na yini ɗaya ku gani. Da ƙyar na haɗa wannan shafin, jikin ya ƙi. In kun ci karo da kuskure ku tsallake shi kawai.

*

Makullin filin aikinmu yana kan tebur tun safe, tsakanin ni da mijina babu wanda ya taɓa shi. Yayana ya ce a kai masa kafin la'asar, kuma daga yau kada ya ƙara ganin ƙafar Direba a wurin aikinmu. Direba shi ne mijin nawa. Sunan ya bi shi ne don shi ke jan motar da muke kwaso shara da ita. Ni ma in na gaji haka nake kiransa, kuma kwanakin nan kullum a gajiye nake.

Yana zaune a bakin gado da kayan aiki a jikinsa, har da takalmin roba, sai ka ce yana da inda zai je.

"Za ka faɗa min ko ba za ka faɗa min ba?"

"Me zan faɗa?"

"Abin da ya kai ka kwance buhunan da Mama ta ɗaure."

Ya juya yana kallon taga, na ci gaba.

"Yaya ya ce da idonsa ya gan ka. Ka juye robar a durom ɗin ruwa, hannunka a ciki har gwiwa."

"Bai yi ƙarya ba."

"To don me?"

"Auta, ki bar maganar nan."

Wanda bai san aikinmu ba zai ce mene ne abin faɗa a jiƙa roba. Muna da babbar tukunyar ƙarfe da Baba ya ƙera kafin ya rasu. Mu zuba mata yankakkiyar roba da leda, mu haɗa da busasshiyar sharar gida, ɓawon kayan marmari, dusar katako, ragowar abincin da muka shanya, mu rufe ta ruf yadda iska ba za ta shiga ba, mu hura wuta a ƙasa. Abin da ke ciki ba ya kamawa da wuta. Narkewa yake ya zama tururi, tururin ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi, ya ɗigo ta can ya zama mai. Roba ita kaɗai, manta daskarewa yake kamar kyandir. Sharar gida ita kaɗai, ruwa-ruwa take bayarwa mai tsami. Sai an haɗa su ake samun abin da inji zai sha. Amma komai sai ya bushe ƙayau kafin ya shiga, danshi kaɗan ya isa ya ɓata aikin yini.

"Da ruwan ne kaɗai ma da sauƙi," na ce. "Bokitin fa? Ya ce ya tarar da bokiti cike da mugu a gefen ƙafarka."

"Ya tarar."

"Daga ina ka samo shi?"

Ya sunkuya yana gyara takalmin da ba shi da abin gyara.

Mugu shi ne sunan da muke kiran robar bututun ruwa da rigar wayar wuta da danginsu. In ya shiga tukunya, tururinsa cin ƙarfe yake, kuma man da ya fito zai cinye cikin duk injin da aka zuba wa. Matsalar ita ce, in an yanka roba ƙanana ta sha rana da datti, mugu da mai kyau kama suke yi. Mama ce ke raba su. Ta ɗauki wadda take shakka, ta ƙyasta ashana, ta hure, ta kai hanci. Mai kyau warin kyandir take yi, mugu kuwa yaji yake har cikin kai. Tun muna yara ba a taɓa jin hancin Mama ya yi kuskure ba, kuma buhun da ta ɗaure babu mai sake buɗe shi sai a bakin tukunya.

Man makon jiya ne ya kashe injin mai niƙa, wanda ke saye a wurinmu tun zamanin Baba. Mutumin ya zo bai ko yi sallama ba, ya dire jarka a gaban Yaya, ya zube masa ƙarafan da man ya cinye. Ba a jima ba Yaya ya yi sammako ya kama Direba a bakin durom. Da ma yana riƙe da shi tun ranar da Direba ya ce wata rana yana son ya kafa tasa tukunyar. Sai Yaya ya haɗa wannan da wancan ya yanke hukunci, wai yana ɓata mana mai ne don masu saye su gudu, in ya buɗe tasa su bi shi.

"Na faɗa wa Yaya ranar da aka cika tukunyar nan kana gareji da mota," na ce. "Ya ce ai tun kafin ka tafi ka yi aikinka."

"To."

"To kawai?"

"Me kike so in ce?"

"Ka san sunan da yake kiranka da shi a gaban mutane?"

"Na sani."

"Kuma ka iya zama."

"To in tsaya?"

Halinsa ke nan. In ya rufe baki, ko za ka kwana kana ƙwanƙwasawa ba zai buɗe ba. Da ina ganin abin sha'awa ne, namiji mai riƙe magana. Yau kam ji nake kamar in ɗauke shi in jijjiga.

Na jawo mayafina.

"Ina za ki?"

"Wajen Mama. Ita kaɗai Yaya ke jin maganarta."

Tun safe sai yanzu ya ɗago ya dube ni sosai.

"Kada ki je."

"Don me?"

"Ki bar tsohuwa ta huta."

"Za a kore ka kamar ɓarawo, kana ta hutun tsohuwa?"

"Auta."

Na fita na bar shi da makullinsa.

*

Tun daga bakin ƙofar gidan Mama ƙauri ya tare ni. Irin ƙaurin da ya wuce kamu, ya kai ga ƙarfen tukunya. Na shiga da sauri ina tsammanin ta fita ta manta da girki.

Tana cikin kicin ɗin. Tana zaune a kan ƙaramar kujera, ta ba risho baya, tana ɗinke bakin wani buhu da ya yage. Tsakaninta da tukunyar bai fi a miƙa hannu ba.

"Mama, tukunyarki."

"Ke ce? Bar ta, yanzu na ɗora."

Na kashe wutar na ɗage murfi. Hayaƙi ya taso baƙi ƙirin, shinkafar ta zama gawayi har gefe. Mama ta waiwayo, ta ga hayaƙin, sai a lokacin ta ja gefen ɗankwalinta ta toshe hanci.

Toshe hancin nan ne ya tsaya min a rai, don ya zo a makare.

"Kin ga shirme," ta ce. "Mura ce ta saka ni a gaba."

"Muryarki garau take, Mama."

"Ai a kai ta tsaya."

Na buɗe taga. Na kai tukunyar waje na zuba mata ruwa, ina tsaye a kanta tana ƙara, abubuwa suna dawo min ɗaya bayan ɗaya. Turaren da take zubawa yanzu har ya hau wa mutum kai, ita da ɗigo ɗaya ke isarta. Madarar da ta juya, ta zuba mana a shayi tana cewa mu sha. Ranar da ɓera ya mutu a bayan kabad ɗinta, sai da maƙwabciya ta shigo ta faɗa. Duk na gani, duk na ce tsufa ne na wuce.

Na koma na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Mama."

Ta ci gaba da ɗinkin. Allurar ta shiga, ta fita, ta sake shiga. Na ɗauka ba za ta amsa ba.

"Tun zazzaɓin bara," ta ce, ba ta dube ni ba. "Na tashi, komai ya dawo, jin wari ne bai dawo ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Kullum da safe sai in buɗe kwalbar turare in kai hanci in jira."

"To yaya kike tantance robar?"

"Da ido. Da hannu. Shekarun nan ai ba a banza suka wuce ba."

"Wadda ido bai gane ba fa?"

"Ina ƙyasta ashana. In hure, in kai hanci, in yi yadda na saba yi da fuska."

"Sai kuma?"

"Sai in yi bisimilla in jefa inda zuciyata ta ba ni."

Na tuna yadda masu kawo mana roba ke tsayawa suna kallonta in tana aikin nan, wasu har su kira abokansu su zo su gani. Ashe tun bara wasan kwaikwayo muke kallo.

"Mijinki ya sani," ta ce.

Na ɗago.

"Ya kawo min saƙo wata rana, ya tarar da ni yadda kika tarar da ni yau. Ya kashe wutar, ya wanke tukunyar, ya gaishe ni ya tafi. Bai ce uffan ba."

"Shi ke nan?"

"Washegari na ga ɗaurin buhunana ya canza. Na san ɗaurina. Nasa ɗaurin direbobi ne, irin na igiyar kaya."

"Me yake yi da ruwan?"

"Mugu nutsewa yake. Mai kyau ta taso sama." Ta ciji zaren ta yanke. "Babanku ya taɓa gwada hakan tun ba ku da wayo, ya daina. Ya ce shanyar tana cin rana, ga hancina a kyauta. Ban san inda mijinki ya jiyo ba. Sammako yake yi ya wanke abin da na tantance jiya, ya tsame wanda ya nutse, ya ɗora sauran a saman motarsa su bushe yana yawon kwasar shara. Kafin a buƙace su ya ɗaure ya mayar."

"Bokitin da Yaya ya gani..."

"Wanda ya cire ne. Nawa ne, ni na bar shi ya wuce."

"Makon jiya kuma yana gareji."

"Yana gareji. Babu wanda ya bi bayana."

Wato tukunya ɗaya da hannunsa bai taɓa ba, ita ce ta kashe injin mai niƙa, kuma ita ce za a kore shi a kanta. Na jingina da bango. Na so in yi fushi, wallahi na so, amma na nemi ƙarfin fushin na rasa.

"Kina wurin, Mama. Ranar da Yaya ya kira shi maci amana kina kan tabarmarki."

"Ina wurin."

"Kin ji."

"Kunnena ai lafiyarsa ƙalau."

"Kuma kika yi shiru."

Ta ajiye buhun. Hannuwanta duk tabon ɗigar roba ne, tsoho da sabo.

"Auta, in yayanki ya ji, me zai yi?"

"Zai san gaskiya."

"Zai naɗe tabarmata. Cikin ladabi zai yi, na san ɗana. Zai ce Mama kin yi mai isarki, ki huta. Ya saya min kujera mai laushi da fanka. In zauna a ɗakin nan ina jiran a turo min abinci."

"Ba laifi ba ne mutum ya huta."

"Ke kika san haka, da kike da inda za ki je da safe." Muryarta ta yi ƙasa. "Tun da babanku ya tafi, a filin nan kaɗai ake cewa a jira Mama ta zo. A ko'ina kuma cewa ake kada a tashe ta."

Tausayinta ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Haushinta ma yana nan bai tafi ba.

"To shi fa? Sunansa fa? Yaranmu za su tashi su ji an kori ubansu daga filin kakansu don ya ci amana."

"Zan yi wa yayanki magana."

"Za ki faɗa masa?"

"Na ce zan yi masa magana. Akwai hanyoyi." Ta kamo hannuna. "Ke dai ki riƙe bakinki. Ki bar ni da ɗana."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na tashi na kankare mata tukunyar, don ban san me zan yi da hannuwana ba.

*

Da la'asar na tarar da Direba a bakin ƙofar filin, makullin a hannunsa. Yana ganin fuskata ya gane.

"Ta faɗa miki?"

"Tukunyarta ce ta faɗa min."

"To ki riƙe."

"Ka fi son a ci gaba da kiranka da sunan nan?"

"Ni zan iya samun wata motar in ja. Ita ina za ta?"

"Ni kuma fa? In rinƙa zuwa nan kullum ina gaishe da wanda ya kore ka?"

"Za ki saba."

"Ka cika son a ce kai mutumin kirki ne."

Ya ɗan yi murmushi, irin na wanda bai yi barci ba.

"Yau dai ba wanda ya ce."

Muka shiga. Filin yana nan yadda yake kullum. Tukunyar a tsakiya, baƙa, bakinta a buɗe. Tamfol a shimfiɗe gefe guda, an baza ɓawo da dusa suna shan rana, ƙudaje suna nasu aikin. Mama tana ƙarƙashin rumfar kwano a kan tabarmarta, ga ashana, ga tulin robar da ba ta gama ba. Ta riga mu zuwa. Ta canza kaya, ta sha turare har ina jiyo shi daga ƙofa.

Yaya yana jera buhuna a bakin tukunya. Mai walda ne shi kafin ya gaji filin, kuma har yau in zai yi magana sai ya tsuke ido kamar yana kallon wuta. Bai amsa gaisuwar Direba ba.

"Kin ga waɗannan?" ya ce da ni, yana dukan buhu. "Na yau ne. A gabana Mama ta ɗaure, ban matsa ko nan da can ba. Babu hannun da ya taɓa su sai nata. Yau za a ga irin man da muke yi in babu munafuki a ciki."

Na dubi buhunan. Na dubi Mama. Ta kau da kai tana gyara zaman ashana.

"Na yi wa mai niƙa alkawarin na farko da zai fito," Yaya ya ci gaba. "Ya gyara injin, ya ce zai ba mu dama ɗaya. Makullin."

Direba ya matsa gaba.

"Dakata," in ji Mama.

Na ce to, ga shi nan.

"Ka yi haƙuri ka bar shi," ta ce wa Yaya. "Mijin ƙanwarka ne. Kowa yana kuskure. Ka bar shi albarkacina."

"Kuskure, Mama?"

"Abin da ya wuce ya wuce."

"Ba zan ƙi maganarki ba." Yaya ya goge hannu a wandonsa ya zo ya tsuguna a gabanta. "Amma ki amsa min abu ɗaya, don zuciyata ta kwanta. In kika ce akwai yiwuwar daga wajen tantancewa mugun ya wuce, ko da ƙwaya ɗaya ce, wallahi yanzu zan ba shi haƙuri a gaban kowa. Buhunan makon jiya, lokacin da kika ɗaure su, akwai mugu a ciki?"

Ya buɗe mata ƙofa da hannunsa. Ba sai ta faɗi komai game da hanci ba. In ta ce wataƙila, shi ke nan, kowa ya tafi gida.

Mama ta dubi Direba. Shi ƙasa yake kallo.

Ta dube ni.

"Babu," ta ce. "Abin da na ɗaure tsaf yake."

"Kin tabbata?"

"Ka taɓa jin na yi kuskure?"

"Ban taɓa ba." Yaya ya miƙe. "Ka ji dai da kunnenka. Ajiye makullin ka fita."

Direba ya ɗora makullin a kan durom a hankali, kamar mai gudun kada ya yi ƙara. Ya durƙusa ya yi wa Mama sallama. Ta amsa masa, har da sa albarka.

Sa albarkar nan ce ta ƙarasa ni.

Ban shirya komai ba, Allah ya sani. Na ga ƙafafuna sun kai ni bakin tamfol. Na ɗauki wani gwangwanin madara da ke yashe, na juya musu baya, na tsinci abin da na tsinta a cikin shanyar na jefa ciki. Na dawo na ɗauki ashanar Mama, na ƙyasta na saka a gwangwanin, na bari ya kama, na hure. Na rufe bakin da tsumma, na bar ɗan gefe inda hayaƙi zai fita.

"Mama, ga wata na tsinta ban gane ta ba. Duba min."

"Auta," in ji Direba daga bakin ƙofa. Ya tsaya.

Mama ba ta miƙo hannu ba. Kallona take, irin kallon da take min ina yarinya in na yi abin kunya a gaban baƙi.

"Na gaji yau," ta ce. "Ajiye sai gobe."

"Ɗaya ce tak, Mama."

"Auta, zo mu tafi," Direba ya sake cewa.

"Kai kuma me ya tsayar da kai?" Yaya ya daka masa harara, sannan ya juyo yana dariya. "Duba mata mana, Mama. Shekara nawa tana bin ki, har yau ba ta iya ba. Nuna mata aiki, wasu ma su gani kafin su tafi."

Ba ta da hanyar ƙi. Ta karɓi gwangwanin da hannu biyu. Na ga yatsanta yana neman ɗage tsumman, na ɗora nawa hannun a kai.

"Da hanci, Mama. Yadda kika koya mana."

Hannuna yana kan nata. Uwata ce, ita ta goye ni a filin nan tana wannan aikin, kuma ni ce na tsaya a kanta yau kamar mai bin bashin rai. Na tsani kaina a lokacin, amma ban ɗauke hannun ba.

Ta kai hancinta bakin gwangwanin. Ta lumshe ido, ta ja numfashi, ta karkata kai gefe, duk yadda ta saba. Na san abin da take yi a bayan idon nan. Tunani take, in 'yarta za ta ɗana mata tarko, da wace roba za ta ɗana.

Ta yamutse fuska. Ta yi tari har sau biyu, ta kau da kai.

"Mugu ne," ta ce. "Robar bututu. Yajinsa har cikin kaina."

Hayaƙin yana fita siriri ta gefen tsumman, iska tana kaɗa shi cikin rumfar. Ƙamshin ɓawon lemo ne, mai daɗi, wanda ko yaron goye zai gane. Ya danne turaren Mama, ya kai har inda Yaya yake tsaye.

Dariyar Yaya ta ɗauke. Ya ja hanci, ya sake ja. Ya dubi gwangwanin, ya dubi buhunan da ya jera a bakin tukunya, sannan ya juya a hankali ya dubi Direba.

Mama ta bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Na ce mugu ne. Me kuke kallona?"



Yaya ya dawo ya tsuguna a gabanta. Ya miƙa hannu, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Mama, ba ni gwangwanin."

Ta ƙanƙame shi a ƙirjinta.